Baba yana takawa da sanda, amma ya ƙi leƙa ko ƙofar gida

Ɗan_Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani. Mahaifina shekararsa 61, ya fi shekara talatin yana sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari. Wata tara ke nan da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Da asuba abin ya same shi, yana cikin alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace. Ya yi sati uku a gadon asibiti, daga nan muka ci gaba da kai shi gashi. Alhamdu lillahi yanzu yana takawa da sanda, yana zagayawa da kansa, magana ta dawo, sai dai wani lokacin kalma takan maƙale masa. Likita da bakinsa ya ce ya riƙa fita.

To Baba ya ƙi. Masallacin unguwarmu bai fi taku arba'in daga zaurenmu ba, shekara da shekaru yana sahun farko, yanzu a ɗaki yake salla. Majalisarsu ta gindin darbejiya ya ƙaurace mata. Abokansa in sun zo dubiya sai ya ce a ce musu yana barci. Makon jiya aka ɗaura auren 'yar ƙaninsa, shi ne waliyyi, ya ce a wakilta wani. Yayana yana cewa mu ɗauke shi cak mu sa a mota mu kai shi kasuwa, in ya ga jama'a zai ware. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya kuka yi?

Ummu_Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ku yi masa dole, babba ne.

Abu_Hafsat: Yana alwala da asuba ka ce? A banɗaki ko a tsakar gida? Ɗan'uwa wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutum lafiyarsa ƙalau ya shiga kewaye ya fito a shanye, sannan ya koma yana gudun masallaci da jama'a, ai alamar a fili take. Ku nemi mai ruƙiyya.

Tsohon_Hedimasta: Ɗan_Kwari, ɗana, ni abin da ya sami mahaifinka ya same ni shekara huɗu da suka wuce, ina da 56, saura kaɗan in yi ritaya. Da hannun hagu nake buga wannan rubutu, don haka a yi mini uzuri in na daɗe. Bari in gaya maka abin da wataƙila Baba ba zai iya gaya maka ba.

Ranar da na fara komawa masallaci, tafiyar ba ta ba ni wahala ba. A bakin ƙofa aka fara. Takalmin ƙafar da ta mutu ya ƙi fita, na tsaya ina ta goga shi da ɗaya ƙafar, mutane sun taru a bayana suna jira, wani yaro ya durƙusa ya cire mini. Yaron nan ɗalibina ne, na taɓa zane shi a kan makara. Na shiga, aka ajiye mini farar kujerar roba can ƙarshen sahu, jikin bango, ni da nake tsayuwa bayan liman. Aka sallame, jama'a suka yo kaina da musabaha, kowa ya miƙo dama, ni kuma dama tana rataye. In miƙa hagu ne? In ƙi karɓa ne? Wani dattijo ya kamo hannun ya girgiza da ƙarfi, kafaɗar ta amsa, har hawaye ya zubo mini.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani maƙwabcina da ya dubi ɗana, ina tsaye a gabansa, ya ce "Ya jikin nasa? Yana gane mutane kuwa?" Wasu kuma sai su ɗaga murya kamar kurma suke wa magana: SANNU MALAM, SANNU KA JI. Na koma gida na yi wata biyar ban sake fita ba. Ƙafata kuwa kullum ƙara ƙarfi take yi a lokacin.

Ummu_Khalifa: Innalillahi. Baba Hedimasta wallahi ka sa ni kuka. Kuma mu da muke yin hakan gani muke kulawa ce.

Fisiyo_Zazzau: Allah ya ƙara lafiya Malam. Ni ma'aikacin sashen gashi ne, kuma abin da Malam ya faɗa kullum muna jin irinsa. Bari in fara da @Abu_Hafsat, cikin girmamawa. Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe, sai wurin da take shayarwa ya rasa jini. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma ga yawancin mutane a nan cibiyar magana take. Shi ya sa Baban Ɗan_Kwari, da dama ta shanye, kalma take maƙale masa. Da hoton ƙwaƙwalwa ana ganin wurin ƙuru-ƙuru. Yawan faruwarsa da sassafe kuwa, jini yakan hau a wannan lokaci ne, kuma lokacin ne kowa ke shiga kewaye.

An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Najeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, aka fitar da sakamako a 2018. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai nisa. A cikin sauran abubuwan akwai ciwon suga, da barbaɗa gishiri a abinci bayan an gama dafawa, da ƙarancin cin ganye.

Batun ƙin fita kuma: kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sukan faɗa ciwon damuwa. Ba raki ba ne, ba kuma raunin imani ba. Idan Baba ya rage cin abinci, barci ya lalace, ko yana cewa shi ya zama kaya, ku gaya wa likitansa a fili, akwai magani. Sannan don Allah, kowa ya ji: kada a ja mai wannan lalura ta hannun da ya shanye, ko wajen tayar da shi ko wajen gaisuwa. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ana iya gocar da ita.

Abu_Hafsat: Likita ni ban ce babu hawan jini ba. Amma ku 'yan boko komai sai ku ce jijiya. Kawuna asibiti suka sallame shi, wani mai magani a ƙauye ya yi masa tsaga da turare wata biyu, ya miƙe.

Fisiyo_Zazzau: Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ka lura, wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa da kansa, duk wanda ke riƙe da mara lafiya a lokacin shi ake yaba wa. Abin da nake tsoro shi ne a ce a ajiye ƙwayar hawan jini. Na sha ganin wanda ya ajiye, ciwon ya dawo masa karo na biyu, kuma na biyun ba ya zuwa da sauƙi.

Almajirin_Malam: Ku bar jayayya. Addu'a da tofi ba su hana shan magani, shan magani bai hana addu'a. Wanda ya ce a zubar da maganin likita don a nuna tawakkali, bai fahimci tawakkali ba. Ɗan_Kwari, ka tunatar da Baba hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kujera a masallaci ba abin kunya ba ce. Haka cin abinci da hagu ga wanda damansa ta gaza, babu laifi a kansa, don na san wannan ma yana hana wasu zama cin tuwo cikin mutane.

Tsohon_Hedimasta: Allah gafarta Malam, hukuncin mun sani. Ni na koyar da shi ma a aji. Idon mutane ne ba ya cikin littafi.

Maman_Iman: Ku maza ma da sauƙi. Ni ina da shekara 33 abin ya same ni, kwana shida da haihuwa, bayan jinina ya hau tun ina da ciki. Ranar da ya kamata a yi suna ina kwance ban san inda kaina yake ba. Da na dawo gida ba na iya ɗaura zani, ba na iya ɗaurin ɗankwali, ba na iya goya 'yata. Ku yi tunanin uwa tana kallon jaririyarta tana kuka sai ta jira wani ya ɗora mata ita a cinya. Uwar mijina ta ce iska ce, kuma a danginmu take, aka mayar da ni gidanmu "jinya". Jinyar da ta kai wata goma sha ɗaya, kafin in koma an yi mini kishiya.

Ban ce kowa mugu ba ne, mijina yana sayen magani har yau. Amma bikin farko da na je bayan na samu sauƙi, na ƙanwar mijina, sai aka shigar da ni ɗaki aka ce in huta, aka jawo ƙofa. Ina jin kiɗan ƙwarya a tsakar gida. Da aka zo hoto babu wanda ya kira ni. Ni da a da nake riƙe kuɗin adashin unguwa, aka karɓe littafin aka ba wata, wai kar a wahalar da ni. Hannuna ne ya shanye ko lissafina?

Yanzu ina tuƙa tuwo, ina danne tukunya da gwiwa in tuƙa da hagu. Na koma sayar da turaren wuta ta WhatsApp. Amma har yau in na shiga taro sai na ji ana "ita ce wadda ta shanye ɗin nan".

Hajiya_Babba: Maman Iman 'yata, Allah ya saka miki. Wannan na littafin adashi ya taɓa ni, don mu ma mun yi wa wata haka a unguwarmu, kuma wallahi da kyakkyawar niyya. Gobe zan je gidanta.

Bamaraɗe: Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu nan tansiyo muke ce ma hawan jini, gashin kuma kine. Wahalarmu ta nisa ce. Tsohona yana ƙauye, kine sai cikin gari, kuma mutum mai shanyayyen ɓari ba ya zama bisa kabu-kabu sai an sa wani ya riƙe shi ta baya. Mun yi zuwa shida muka bari, kuɗin mota ya fi kuɗin likita. Abin da ya taimake shi, abokinsa na tun yarinta kullum da hantsi yana zuwa da darar su, ya haƙa gurabu a ƙofar gida. Tun tsoho yana kallo har ya fara sa ɗa da hagu. Ba ya ce mashi sannu, zagi ma suke yi kamar da. Yanzu shi ke fita neman abokin.

Sadiq_Adaidaita: Gaskiya batun abin hawa babba ne. Ni ina tuƙa adaidaita sahu a Kano, kuma ba zan ɓoye ba, da yawanmu in suka hango mai sanda yana jan ƙafa sai su ƙara wuta, don kafin ya hau an yi lodi biyu. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Yanzu akwai wani dattijo da nake ɗauka shata duk Litinin da Alhamis zuwa gashi, na koyi cewa ta ɓangaren lafiyayyar ƙafar zai fara hawa.

Barista_AA: Tunda an zo nan, akwai doka fa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su yi gyara yadda mai keke ko mai sanda zai iya shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024. An kuma kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a 2020. Yanzu kowa ya duba unguwarsu ya ƙirga gine-gine nawa aka gyara. Masallatanmu kansu, sabbi fil, sai ka ga matakala biyar da tayil mai santsi, ga ruwan alwala a kai.

Injiniya_Gombe: Barista ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gangara ba ta da tsada in tun wajen gini aka sa ta. Matsalar ita ce in an yi ma sai a yi ta a tsaye kamar ta shigar da babur zaure. Ƙa'idar da aka saba, duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu, a sa ƙarfen dafawa a gefe. A gida kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne masai. Mai shanyewar ɓari ba ya iya tsuguno. Ni kujerar ƙarfe na sa maƙeri ya huda wa tsakiya na ɗora wa mahaifiyata a kan masai, na kafa bututun ƙarfe a bango.

Zee_Kaduna: Ni banki ne ya ba mu wahala. Mahaifina sa hannunsa ya canza tunda da hagu yake yi, suka ce bai dace da na takarda ba. Sai da muka ɗauko shi muka hau da shi bene, mutum biyu suna tallafe, a gaban layi, don a ga shi ne a ɗauki hoton yatsa. Da muka fito bai yi magana ba har gida. Washegari ya miƙa wa yayanmu katin cirar kuɗi ya ce ya riƙe, shi ya gama.

Ummu_Khalifa: Jama'a mun yi nisa fa, bawan Allah tambaya ya yi a kan Babansa. A fitar da shi ko a ƙyale shi?

Tsohon_Hedimasta: Gaskiyarki 'yata. Ɗan_Kwari, kafin a yi maganar mota, ina da tambaya. Makullin shagon yana hannun wa? Wa ke yanke farashi yanzu? In za a sayi buhun shinkafa a gidan, ana gaya masa ko sai dai ya ga tuwo? Ni abin da ya fitar da ni daga ɗaki bayan wata biyar ɗin nan ba wa'azi ba ne. Wani malamin makarantarmu ne ya zo da jadawalin jarrabawa ya rikice masa, ya ce Malam ba wanda ya iya wannan sai kai. Na san rabin maganar daɗin baki ne, amma na zauna na gyara, na kuma yi masa faɗa a kan rubutunsa. Ranar na ci abinci da yawa.

Kuma ka sani akwai abin da ke sa mu kuka ko dariya ba tare da dalili ba. Ni an taɓa yi mini ta'aziyya dariya ta ƙwace mini. Wa zai so wannan ya same shi a wurin ɗaurin aure, yana waliyyi?

Fisiyo_Zazzau: Wannan da Malam ya faɗa sananne ne, daga taɓuwar ƙwaƙwalwar yake, ba hauka ba ne. Akwai kuma gajiya, mutum ya yi hira ta minti ashirin ya ji kamar ya yi noma. Mai matsalar magana kuma hayaniya tana ƙara rikita shi, don haka Kantin Kwari da rana tsaka shi ne wuri na ƙarshe da zan fara kai shi. A fara da mutum ɗaya ko biyu a zaure. In kalma ta maƙale, a jira shi, kada a riƙa ƙarasa masa.

Matar_Alhaji: Ni ta ɓangaren masu jinya zan yi magana, ku gafarce ni. Shekara biyu ina jinyar maigidana. Wata na farko gidan kamar kasuwa, kowa da ledar lemo da ayaba. Wata na uku sai ni da yara. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma jifa da kofi. In na taimaka masa ya ce na mayar da shi yaro, in na bari ya ce na gaji da shi. Ni ma na daina zuwa biki da suna, har islamiyya na bari, don ba mai zama da shi. Dangi in sun zo shi suke tambaya, ba a taɓa cewa ke ya kike ba. Ɗan_Kwari, ka duba mahaifiyarku ma. Kuma akwai abin da miji ba zai gaya wa 'ya'yansa ba sai matarsa, ita ka fara tambaya.

Hajiya_Babba: Wannan gaskiya ne. Allah ya ba ki lada 'yar'uwa.

Ɗan_Fagge77: Mu maƙwabcinmu tela ne, abin ya same shi, ga yara bakwai. Wasu har shawara suka ba shi wai ya samu yaro ya riƙa tura shi a keke bakin danja. Ya ce ko zai mutu da yunwa ba zai yi bara ba. Yanzu yaransa na shago ke ɗinki, shi yana karɓar aiki yana duba yanka. Amma rabin masu kawo ɗinki sun gudu, wai ba a kai wa mara lafiya kayan salla.

Abu_Hafsat: Ni dai har yanzu ina kan bakana a haɗa da ruƙiyya. Amma na yarda kada a bar ƙwaya.

Nas_Rabi: Tunda mutane da yawa suna karantawa, bari in saƙa wannan. In kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu ko kunu, maƙogwaro yakan shanye shi ma, sai abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoto, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Inda ake da allurar narkar da gudan jini, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ake gangamin wannan ciwo a duniya, a wurare da yawa ana awon jini kyauta, ku je.

Ɗan_Kwari: Na gode ƙwarai jama'a, kwana biyu ina karantawa ban ce komai ba. Na bi shawarar Matar_Alhaji na zauna da Hajiyarmu. Abu biyu na gano, kuma duka biyun kunya suka ba ni.

Na farko, tambayar Baba Hedimasta. Makulli yana hannun Yaya tun ranar da aka kwantar da Baba. Mun sauya wanda muke saro kaya a wurinsa, mun sallami yaron shago ɗaya, ba wanda ya gaya masa. Ashe yaron ya zo gida ya yi masa sallama, ta nan ya ji. Hajiya ta ce ranar ya ce mata "sun riga sun raba gado". Wallahi mu gani muke muna sauke masa nauyi.

Na biyu, fitsari. Wani lokacin yana tsere masa kaɗan kafin ya kai, musamman in ya sha ƙwayar safe. Tsoronsa kada ya shiga sahu ya ɓata wa mutane wuri, ko a ji wari a jikinsa. Wata tara muna tare ban sani ba.

Almajirin_Malam: Allahu akbar. Ka ga amfanin tambaya. Wannan babi ne sananne a fiƙihu. A cikin Risala an ce mai yoyon fitsari an so ya sake alwala a kowace salla, sallarsa kuma ta yi. Ya sa ƙyalle ko abin tsanewa, ya canza in zai fita. Amma kada kai ka gaya masa, zai ji nauyi. Ka samu limaminku ko wani sa'ansa mai ilimi ya kawo zancen kamar a kan wani.

Fisiyo_Zazzau: Ku gaya wa likita wannan ma. Cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, likita na iya sauya lokacin sha ko ya canza wani, amma kada ku canza da kanku. Ana kuma koyar da zuwa kewaye a kan lokaci, kafin ya matsu. A duba mafitsara ma, a shekarunsa ba lallai ciwon ne kaɗai ba.

Zee_Kaduna: "Sun riga sun raba gado." Wannan maganar ta tsaya mini a wuya. Katin Babanmu har yau yana wurin Yaya.

Ɗan_Fagge77: Amma a yi wa yayan adalci. Kasuwa ba ta jiran mara lafiya, in bai riƙe shagon ba da me za a sayi maganin? Kuma in aka mayar wa dattijo lissafi jininsa ya sake hawa fa?

Maman_Iman: Zaman ɗaki yana tunanin an binne shi da rai shi ne ba ya hawar da jini?

Ɗan_Kwari: Ɗan_Fagge77, abin da Yaya ya ce ke nan, mun ɗan yi sa-in-sa jiya. Bai yarda a mayar da makulli ba, amma ya yarda in kai wa Baba littafin bashi. Na kai masa da daddare na ce akwai wani mutumin Agadas da muka rasa gane lissafinsa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana bi da yatsan hagu, sai ya ce ba dila huɗu ba ne, biyar ne, ɗaya ba a rubuta ba, a kira shi a tambaya. Kalmar "dila" ta maƙale masa, na tuna maganar likita na yi shiru har ta fito. Mun kira mutumin, biyar ne. Yau da la'asar ya ce a shimfiɗa masa darduma a zaure, amma ya ce a bar ƙofa a rufe. Masallaci dai har yanzu shiru, Juma'a ma a ɗaki ya yi azahar.

Tsohon_Hedimasta: A bar ƙofar yadda ya ce. In ranar fitar ta zo, ka nema masa takalmi mai maɗauri a dunduniya wanda ake ɓarewa da hannu ɗaya, silifa tana zamewa daga ƙafar. Ku je sallar da ba cunkoso, azahar ta fi magariba. Kuma ka riga shi zuwa ka roƙi liman a sa kujerar inda ya saba tsayuwa, ba jikin bango ba.

Binta_Jos: Salam, yanzu aka sa ni a zauren nan, na karanta tun daga sama. Tawa mahaifiyar hagu ne ya shanye, magana lafiya lau, amma abinci rabin kwano take ci ta bar na ɓangaren hagu, kuma tana ta karo da ƙofa. Mun kai ta awon ido an ce idon ƙalau. @Fisiyo_Zazzau wannan ma daga ciwon ne?